WATAN MAYU A AJI ƊAYA: YARO YA IYA HADDA, YA IYA KARATU KUWA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

Duk magidancin da ya kai ɗansa aji ɗaya na firamare a watan Satumba, to, da kamawar watan Mayu yaron ya shiga wata na tara ke nan yana saɓa jaka. Zango biyu sun wuce, an shiga na uku, wanda daga shi sai jarrabawar ƙarin aji a watan Yuli. An ɗinka yunifom, an sayi takalmi da littattafai, waɗansu ma sun biya kuɗin makaranta har sau uku. Saboda haka ba laifi ba ne uba ya zaunar da yaro ya bincika abin da ya samo. Ni dai na yi wannan bincike kwanan baya, abin da na gani kuwa shi ya sa na rubuto muku wannan sharhi, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal.

Wani yayana da ya daɗe yana sana'ar kayan gwari a Ikko ya zo gida cikin hutun zango na biyu, tare da ɗansa mai shekara shida. Tun daga tasha ya ke yi mini alfahari wai yaron Turanci a bakinsa kamar jikan Sarauniya. Da muka natsu bayan la'asar na ce to bismilla. Yaro ya miƙe, ya harɗe hannuwa a baya, ya zubo haruffan Turanci 26 ba gargada, ya ƙirga daga 1 zuwa 100, ya jero jihohi 36 da hedkwatocinsu tun daga Abiya har Zamfara, sa'an nan ya rera taken ƙasa, tsohon nan da aka dawo da shi ran 29 ga watan Mayu 2024, wanda ni kaina har yau ina tuntuɓe a baiti na biyu. Mata suka yi ta sa albarka. Sai na ɗauko takarda na rubuta haruffa huɗu, watau kalmar "baba", na miƙa masa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago kai ya ce, "Baffa, wannan ba a koya mana ba." Na rubuta masa wata kalmar Turanci mai harafi uku wadda ba ta cikin littafinsa. Ya faɗi sunan kowane harafi daidai, amma haɗa su ya gagara.

Kada mai karatu ya zaci yaron daƙiƙi ne. Wanda ya riƙe jihohi 36 a ka yana ɗan shekara shida ai ba a ce masa daƙiƙi. Abin da aka ɗora masa ya ɗauka. Hadda aka ba shi, karatu ne ba a ba shi ba, kuma da ya ke hadda tana da daɗin ji a kunnen iyaye, sai watanni su yi ta wucewa ba wanda ya lura.

Kada kuma a ce wannan ciwon Kurmi ne. Da aka koma makaranta na leƙa aji ɗaya a wata firamaren gwamnati a bayan garin nan. Yaran da na ƙirga sun haura tamanin, alhali Manufar Ilmi ta Ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35. Malamar ta rubuta jimlar Turanci a allo, ta faɗa, su amsa, ta faɗa, su amsa, har sau goma, kana ta juya ta gaya musu ma'anarta da Hausa. Na baya ko allon ba su gani, bakin na gaba su ke bi. Ba kuwa ajin nan kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kashi 27 cikin 100 ne kawai ke iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi, masu iya lissafin farko kuwa kashi 25 ne.

ABIN DA KE RUBUCE A MANHAJA

A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta fito da sabuwar manhaja wadda hukumar nan ta NERDC ta tsara, aka ce an rage wa yara kaya. Bisa wannan tsari ɗan aji ɗaya zuwa uku zai ɗauki darussa tara ko goma. Akwai Turanci da lissafi, da harshen Nijeriya guda ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci, da kimiyya, da motsa jiki da kiwon lafiya, da addini gwargwadon addinin yaro, da zaman jama'a da zama ɗan ƙasa, da al'adu da zane-zane, da Larabci ga mai so, sai kuma tarihin Nijeriya wanda aka taɓa cirewa aka daɗe ana kukan rashinsa.

Malamar da na ambata ta nuna mini littafin da ta ke tsara darasin mako-mako. A lissafi, bayan ƙidaya da tarawa da ɗebewa da aka yi a zangunan baya, yanzu suna kan kuɗi, da tsawo da gajarta, da nauyi, da lokaci, watau safe da rana da dare da kwanakin mako, da siffofi irin su da'ira da murabba'i. Darasin kuɗin ya ba ni dariya, don littafin cike ya ke da hoton kwabo hamsin da Naira ɗaya ta ƙarfe, kuɗin da yaran nan ba su taɓa ganin an sayi ko alewa da su ba. Ɗan mai shago a Agege ya fi littafin nan sanin canjin ɗari biyar. A kimiyya ana maganar ruwa da iska da ƙasa da launuka. A addini Fatiha ce da gajerun surori da tsarki. A Turanci kuwa, in aka bi takarda, ya kamata a ce yaro yana haɗa haruffa yana karanta gajerun kalmomi, yana rubuta sunansa da 'yan ƙananan jimloli.

Ba abin ƙi a cikin duk wannan. Illa iyaka darussan nan goma a ƙusa ɗaya su ke rataye, ita ce iya karatu. Jarrabawar watan Yuli a takarda a ke yinta. Yaron da bai iya karanta tambaya ba, sai malami ya karanta masa, wani lokaci ma har da nuna masa gurbin da zai yi alama, don kada iyaye su ga jan biro su cire ɗansu su kai wata makaranta. Haka kowa zai haye aji biyu. Littafin aji biyu kuwa an rubuta shi ne da zaton mai riƙe da shi ya iya karatu, na aji uku ya ɗora a kan na biyu. Kafin a kai aji huɗu yaro ya zama baƙo a ajinsa, yana kwafar abin da ke allo kamar mai zanen hula, bai san abin da ya ke cewa ba. Daga nan sai uba ya ce boko bai karɓe shi ba, a miƙa shi kasuwa ko garejin makanikai. Ranar da aka cire shi ita a ke tunawa, amma tun a aji ɗaya aka yi asararsa.

RIKICIN HARSHE

Da wane harshe za a koya wa yaron nan karatu? Wannan ita ce maganar da manya ke ta ja-in-ja a kanta a Abuja, kuma ta cancanci mu bi ta daki-daki.

Tun 1977, lokacin da aka fara fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, aka rubuta cewa a fara koyar da ɗan firamare da harshen uwarsa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, daga baya a koma Turanci. Gyaran 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko ke nan, Turanci kuwa a koyar da shi a matsayin darasi. Ran 30 ga watan Nuwamba 2022 Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar cewa Majalisar Zartaswa ta amince a miƙe wannan har shekara shida na firamare, ko da ya ke shi da kansa ya ce aikin ba zai yiwu ba sai an tanadi littattafai da malamai. Ba a kai ga tanadin ba, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025, bayan taron Majalisar Ilmi ta Ƙasa a Akure, Ministan Ilmi Dakta Tunji Alausa ya sanar a Abuja cewa an soke wannan manufa, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjarsa ita ce sakamakon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ya nuna an fi faɗuwa a yankunan da suka zurfafa wajen koyarwa da harshen gida.

Bai ambaci suna ba, amma kowa ya san yankin da hannunka-mai-sanda ya nufa. To, sai dai lissafin bai fita ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, shekarar da aka sanar da waccan manufa, ba zai zauna jarrabawar WAEC ba sai 2034. Waɗanda suka faɗi jarrabawa a 'yan shekarun nan sun gama firamare tun kafin a yi maganarta. Yaya za a yi a kama manufar da ko tsayuwa ba ta yi ba da laifin kayar da su?

Amma in za a faɗi gaskiya, Minista ya taɓo wani ƙurji, ko da ya ke ya ba shi sunan da ba nasa ba. A makarantun Arewa da dama Hausa a ke yi wa yara har sakandare, ba don an tsara haka ba, sai don Turancin malamin bai kai ba. Littafi na Turanci, jarrabawa ta Turanci, bayani na Hausa, kuma ba a koya wa yaron karanta Hausar ba balle rubuta ta. Ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Wannan ba koyarwa da harshen uwa ba ne, rashin malamai ne. Mu tuna a 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100 da aka yanka. An yi ta gardama kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya fito ya rantse cewa malamanmu lafiya lau su ke. Sanarwa daga Abuja ba za ta sa Turanci a bakin malamin da ba shi da shi ba. Abin da za ta ƙara a ajin ƙauye shi ne hadda, a faɗa a amsa, irin wadda na gani.

An taɓa gwada abin a ƙasar nan, ba sai mun je Turai neman shaida ba, kuma a Kurmi aka gwada. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife, wanda daga baya ya zama Ministan Ilmi, ya fara wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara kowane darasi da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi lokacinsa daban a hannun malamin da aka horar musamman dominsa. Da aka auna su da takwarorinsu da aka juya zuwa Turanci tun da wuri, yaran gwajin sun fi su a darussa, kuma ba su gaza su a Turancin ba. A lura da sharuɗɗan: an rubuta littattafai, an horar da malamai, an ba Turanci gwaninsa. Su ne abubuwa ukun da manufar 2022 ba ta samu ba. Abin mamaki kuma, a watan Oktoba na 2025, wata guda kafin a soke tamu, Ministan Ilmin Gana, Haruna Iddrisu, ya ba da umurnin a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen gida. Maƙwabta biyu, Turawan mulki ɗaya, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma.

A nan Arewa ma an yi ɗan abin kirki. Shirin Mu Karanta a jihohin Bauci da Sakkwato, wanda hukumar agajin Amurka ta USAID ta ɗauki nauyi, da shirin RANA da aka fara a Katsina da Zamfara da kuɗin Ingila ta hannun UNICEF, duka sun buga littattafan koyon karatun Hausa na aji ɗaya zuwa uku, sun horar da malamai yadda za su fara da sautin harafi, su haɗa gaɓa, su kai ga kalma. Aibinsu shi ne kuɗin na baƙi ne. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID ɗungum. Littattafan dai suna nan, an riga an rubuta su, saura mai sake bugawa.

INA ƊAN BAƘO YA TSAYA?

Yanzu bari mu zo kanku, don duk wannan gardama ta wuce ta saman kan ɗan Bahaushen da ke zaune a Kurmi. Ko a lokacin da manufar harshen gida ke raye, ba Hausa ta ke nufi gare shi ba. Harshen jama'ar wurin a Agege da Sabon Badun Yarabanci ne, a Anacha Ibo ne, a Fatakwal da Warri kuwa abin da yaro ke ji a titi Turancin buroka ne. Hasali ma galibin makarantun biranen Kudu, musamman na kuɗi, da Turanci su ke koyarwa tun fil azal, ko manufa ta yarda ko ba ta yarda ba. Saboda haka sokewar 2025 ba ta ƙwace masa kome ba, don dā ma ba a ba shi ba.

Sabuwar manhaja ta ce yaro ya ɗauki ɗaya daga cikin harsuna uku, har da Hausa. A takarda ke nan. Makaranta ba ta koyar da abin da ba ta da malaminsa. A Jihar Ikko kuma akwai doka tun watan Fabrairu na 2018, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, wadda ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun gwamnati da na kuɗi. Ni ban ga laifin Yarabawa ba ko kaɗan, sun kula da nasu ne. Yaron da zai girma a Mushin ko Idi-Araba kuwa Yarabanci jari ne gare shi, duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Mile 12 ya san haka. Abin tambaya a kanmu ya ke. An kafa unguwar Sabo a Badun tun 1916, ga Agege, ga Shagamu da cinikin goro, fiye da shekara ɗari muna zaune, mun gina masallatai, mun naɗa sarakuna, mun kafa ƙungiyoyin 'yan kasuwa, amma jikokinmu da yawa suna jin Hausa a baka ba su iya karanta wasiƙa da ita ba.

Ku dubi kayan da ke kan ɗan shekara shidan nan a watan Mayu. Da safe yana fama da haruffan Turanci 26. Sau biyu ko uku a mako ga na Yarabanci 25, masu wasula bakwai, da ɗigo a ƙarƙashin waɗansu haruffa, da alamun karin sauti a sama. Da yamma a Islamiyya ko makarantar allo ga baƙaƙen Larabci 28, su kuma daga dama a ke fara su. Harshen da ya ke mafarki da shi, wanda ya ke yi wa uwarsa kuka da shi, shi kaɗai ne ba ya gani a rubuce.

Turanci kuwa ba harshe ne mai sauƙin fara karatu ba, ko ga 'ya'yan masu shi. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44. Harafin c a kalmarsu ta kyanwa ƙarar k ya ke yi, a kalmarsu ta birni ƙarar s, alhali a Hausa ƙararsa ɗaya ce kullum, ta "ci" da "cokali", a Yarabanci kuwa babu shi sam. Sunayen wasulan ma ruɗu ne. Harafin e sunansa "i" a Turanci, harafin i kuma sunansa "ai". Yaron da aka haddatar da shi sunayen haruffa, ba sautinsu ba, in ya ga b da a, abin da zai ce shi ne "bi, e", ba zai taɓa jin "ba" a ciki ba. Abin da ya sami ɗan yayana ke nan.

Rubutun Hausa na boko ba haka ya ke ba. Wasali biyar ne, kowane baƙi da sautinsa, har da masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ. In yaro ya san ba, bi, bu, be, bo, ya bi sauran baƙaƙen haka, to, ya kama hanyar karanta kusan duk abin da aka rubuta. Ban ce ba shi da nasa gurgun ba, don ba a nuna tsawon wasali, shi ya sa garin da mu ke zaune da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Amma yaron da ya san harshen, jimla ce za ta gaya masa wanda a ke nufi. Iyayenmu da suka yi Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu ta wannan hanya suka bi, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini tun yana ƙaramin aji ya ke karanta wa mutanen ƙauye wasiƙun 'yan ci-rani. Malaman allo ma ai sun riga kowa sanin wannan. Ba su ba yaro sura ya karanta da kansa sai ya yi babbaƙu, ya san kowane baƙi, sa'an nan ya yi farfaru, ya san yadda wasali ke juya shi. Dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya a ke koyonta. In ta zauna a harshen da yaro ya sani, ɗaukarta zuwa Turanci ba ya wuya, don a lokacin abu ɗaya ya ke koyo, watau sabon harshe, ba abu biyu a haɗe ba.

KWANAKIN DA KE ZUBEWA

Wani abin da ke sa watan Mayu ya zama abin lura shi ne yawan kwanakin da ke salwanta a cikinsa. A nan Arewa ƙarshen bazara ne, zafi a Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, ajin kwano ba silin kuwa da ƙarfe sha ɗaya ya zama tanda. Ga sharar gona, kuma ranar da ruwan shuka ya sauka rabin ajin ƙauye na gona. A wajenku damina ta riga ta kankama, ranar da aka kwana ana ruwa a Ikko uwa ba ta sakin ɗan shekara shida ya ratsa kwata. Ran 1 ga wata hutun ma'aikata ne. Ran 27 ga wata Ranar Yara ce, kuma makarantu da dama kan cinye mako biyu suna koyon maci dominta.

Sai kuma namu na kanmu. Galibin 'yan ci-rani ba su tafe da iyali, amma akwai masu iyali da kan tattara su koma gida noma da faɗuwar damina, akwai kuma masu tura mata da yara biki ko Salla a ce mako ɗaya, a yi wata guda. Yaron da aka ɗauke a tsakiyar zango na uku, in ma an sa shi wata makaranta a gida, ya tarar da wani littafi da wani harshe. Masu tura 'ya'ya gida don su yi karatu a hannun kakanni su ma su sani can ɗin ba tabbas. A watan Nuwamba na 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, jihohi irin su Neja da Bauci sun rufe makarantu, yaran da suka shiga aji ɗaya a Satumbar wannan shekara ko wata uku ba su cika ba aka mai da su gida.

To, mene ne abin yi kafin Yuli? Na farko ba ya bukatar kwabo. Ka sami takarda ka rubuta kalmomi biyar gajeru waɗanda ba su cikin littafin yaron, na Hausa ko na Turanci, ka ba shi ya karanta. Kada ka ce ya yi maka ABCD, wannan ya iya. In kai ba ka yi boko ba, ɗan maƙwabci na sakandare ya isa. In ya karanta, ka gode wa Allah ka gode wa malaminsa. In ya tsaya yana kiran sunayen haruffa, ka je makarantar da kanka, kada ka aika uwarsa ita kaɗai, ka tambayi hedimasta ko suna koyar da sautin haruffa, kuma minti nawa a rana. Makarantun gwamnatin Jihar Ikko sun shiga shirin EKOEXCEL a 2019, wanda ya ba malamai 'yar na'ura mai ɗauke da darasin kowace rana, saboda haka kada a ɗauka ƙaramar makarantar kuɗi ta lungu, mai ɗaki uku da kyakkyawan yunifom, lalle ta fi ta gwamnati. A auna da abin da yaro ya iya.

Na biyu aikin jama'a ne. Kusan kowace unguwar Hausawa a Kurmi tana da Islamiyya, kuma yaranmu na can kowace yamma. Rabin sa'a sau uku a mako na karatun Hausa, bayan an gama karatun addini, ba zai rage wa Alƙur'ani kome ba. Masu takardar NCE ta Hausa suna nan jibge a Kano da Zariya da Katsina ba aiki, wani ma yana nan cikinku yana tuƙa babur ko gadi. Albashin mutum ɗaya da kuɗin buga littafi ba su fi ƙarfin ƙungiyar 'yan tumatur ko ta mahauta ko ta 'yan canji ba. Sarakunan Hausawa kuma, da ya ke suna da kunnen shugabannin ƙananan hukumomi, suna iya neman a sa malamin Hausa a makarantun gwamnati da yaranmu suka yi yawa, tun da manhajar Tarayya da kanta ta ambaci Hausa cikin ukun. Ko an samu ko ba a samu ba, a dai rubuta takardar a ajiye kwafi.

Ɗan yayana kwana tara ya yi a wurinmu. Kullum bayan sallar magariba mu kan zauna a tabarma da guntun gawayi da bayan kwali, muka yi wasula biyar da baƙaƙe takwas. Ran da za su tafi ya karanta "baba" da "mama" da "kaka" da "tuta", ya tsaya a "ɗaki" don ba mu kai ga harafin ɗ ba. Na ba uban kwalin na ce, "Yaya, ga sauran aikin nan." Ya ce shi da asuba ya ke fita kasuwa, ba ya dawowa sai yaran sun yi barci, amma zai yi wa malamin Islamiyyarsu magana. Na buga masa waya makon jiya, ya ce malamin ya yarda, sai dai yana neman littafi, kuma a duk shagunan unguwarsu ba a sami na koyon karatun Hausa ko ɗaya ba. Na saya a nan Kaduna guda goma, na ba direban motar gwari da za ta tashi ran Asabar.